Muryar Darakta da Babban Yatsan Baba

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta, uban asibiti, mai muryar da ba ta dishewa, wanda hotonsa ke tarbar marar lafiya tun kafin likita ya gan shi.

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, da fatan ofishinka yana nan da sanyinsa.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, kuma ban ga laifinka ba. Ni ce 'yar autar wani tela da bugun zuciya ya kayar a gaban kekensa, aka kwantar da shi a asibitinka. Bana na gama karatun injiniyan lantarki, ban sami aiki ba tukuna, don haka ina da lokacin zama a benci in lura. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba. Saboda haka zan raba abin da na gani da abin da aka gaya mini, kada a ce na ƙara gishiri.

Ga abin da likitar zuciya ta gaya mana. Hanyar jini ta toshe wa Baba, wani sashe na tsokar zuciyarsa ya daina motsi. Ko dai tsokar ta mutu ta zama tabo, ko kuma suma ta yi saboda ƙarancin jini. In tabo ne ya cinye yawancin kaurin bangon zuciyar, tiyata wahala ce kawai. In suma ce, a buɗe hanya ta farfaɗo. Abin da zai raba gardama shi ne hoton na'urar maganaɗisu, wadda kuke kira MRI. Ana zuba wani ruwa a jijiya, a ɗan jira, sai tabo ya fito fari, tsoka mai rai ta fito baƙa. Likitan tiyata ya ce ba zai taɓa wuƙa ba sai ya ga hoton nan, kuma ina ganin gaskiyarsa. Sharaɗi ɗaya ne a kan marar lafiya: in an ce ya riƙe numfashi ya riƙe, in an ce ya saki ya saki, domin ƙirji in yana motsi hoto ba ya fita.

Yanzu, da izininka, ga koke-kokena.

Na ɗaya. Ba a iya ce wa kowa ya riƙe numfashi a cikin na'urarka. Makirufon da mai ɗaukar hoto ke magana da shi ya lalace. Wannan na gani da idona: wayarsa ta tsinke daga gindi, an naɗe ta da filastar ciwo, wataƙila da fatan za ta warke. Na tambaya ko za a bari in duba, aka ce sai injiniyan kamfani, shi kuma sai kwamiti ya zauna. Ban ja ba, domin ba kowane mai takarda ake sakar wa na'ura irin wannan ba. Sai dai an gaya mini kwamitin bai zauna ba saboda shugabansa yana da uzuri, kuma an gaya mini shugaban kai ne. Allah ya sassauta uzurin.

Na biyu. Dole in yaba wa hikimar da ofishinka ya fito da ita. A ƙofar ɗakin akwai sanarwa da sa hannunka, mai suna "tsarin wucin gadi", wadda har ta yi ja don tsufa. Ta ce ma'aikaci ya tsaya a ƙafafun marar lafiya, mai hoto ya ɗaga masa hannu ta gilashi, shi kuma ya matse babban yatsan ƙafa, wato a riƙe numfashi, in ya saki yatsa a saki numfashi. Wanda aka ɗora wa aikin wani dattijo ne mai tura keken marasa lafiya, abokan aikinsa suna kiransa Mai Matsa. Mutumin kirki ne, har ya taɓa gwada ihu, amma kunnen marar lafiya a toshe yake da abin kariya, na'urar kuma tana ƙara kamar maƙera. Ranka ya daɗe, a wace jami'a aka koyar da wannan? Ina tambaya ne don in san abin da ya wuce ni.

Na uku, kuma a nan ne maganar ta shafe mu. Baba yana da ciwon suga, ya kashe masa jin ƙafa. Ƙafafun da suka yi rayuwarsu suna taka keken ɗinki, yau ko allura ya taka sai an nuna masa. Wannan yana rubuce a katinsa, na karanta. A karon farko Mai Matsa ya yi ta matsawa, Baba yana kwance yana numfashinsa cikin kwanciyar hankali. Da aka fito da shi ya ce mini, "Injiniya, yaushe za a fara?" Mai hoto ya nuna mini abin da aka samu. Kamar an ɗauki hoton fanka tana juyawa.

A karo na biyu Mai Matsa ya ce wa Baba, "Yau sai ka ji, Malam Tela," ya kuma cika alkawari. Ya sa hannu biyu. Baba ya ji matsa, amma zafin bai tafi ba balle ya ji saki, sai ya ci gaba da riƙewa, kasancewarsa mutum mai bin doka, har idonsa ya fara duhu ya danna ƙararrawar da ke hannunsa. Hoto bai samu ba. Yatsa kuwa ya kumbura, kuma kowa ya san ciwon ƙafa ga mai suga ba abin wasa ba ne. Yanzu nas tana wanke shi kullum. Inna ta ce, "Mun kawo zuciya gyara, sun ba mu gyaran yatsa kyauta."

Na je wurin shugaban sashen, na durƙusa, na ce tunda hannuwan Baba suna cikin na'ura, ɗaya da allura ɗaya da ƙararrawa, me zai hana a taɓa gwiwarsa? Gwiwar tana ji, na gwada da kaina a ɗaki, da cokali. Ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ce, "'Yata, takarda yatsa ta ce." Ya ƙara da cewa in wani abu ya faru a gwiwa shi za a tambaya, amma in ya faru a yatsa tsari ne. Ban yi fushi da shi ba. Na ga mutum mai iyali ne.

Na huɗu. Ba zan yi maka ƙarya in ce babu lasifika mai aiki a asibitinka ba. Akwai su, sababbi, a kowane lungu. Na fara ƙirgawa, na bari da na tarar da ɗaya a banɗaki. Dukkansu muryarka suke ɗauke da ita: "Barka da zuwa asibitin da ke sauraronku." Tana ratsa bango, tana tada jarirai, wata tsohuwa a ɗakin mata ma tana amsa maka gaisuwar kowane lokaci. Wane kwamiti ne ya zauna a kan waɗannan, ranka ya daɗe? Ko shi shugabansa ba shi da uzuri? Ta yaya aka yi murya ta isa banɗaki ta kasa isa kunnen mutumin da aka shigar cikin na'ura don a ga ko zuciyarsa tana da sauran rai?

Abin da ya sa na yi ƙarfin halin rubutu shi ne wannan. Ruwan da ake zubawa ƙoda ce ke fitar da shi, ƙodar Baba kuwa suga ya taɓa ta. Likita ta ce za ta yarda da karo na uku, ranar Laraba mai zuwa, daga shi ba za ta sake sa hannu ba nan kusa. In hoton bai fito ba, za a sallame mu da ƙwayoyi, ba mu san ko mun bar tsoka mai rai tana mutuwa ba.

Don haka ina da roƙo, kuma na rage shi iya ragewa. Tunda muryarka ce kaɗai ake ji a asibitin nan, ka taimaka ka sauko da ita ranar Laraba. Ka bar agogo, da makullai, da alƙalamin sa hannu a waje, domin maganaɗisu bai san darakta ba. Ka tsaya saitin kan Baba ka ce: ja, riƙe, saki. Ya iya, Inna tana yi masa bita safe da yamma, ta ce tunda aka yi aurensu ba ta taɓa ba shi umarni ya bi ba sai wannan.

In saukowa ta yi maka nisa, ka aiko a ciro takardar nan daga ƙofa, ka ja layi a kan "yatsa", ka rubuta "gwiwa". Kalma ɗaya ce. Na duba, ba ta buƙatar kwamiti, hannun da ya rubuta ta farko yana wurinka.

Baba ya ce in gaishe ka. Ya ce shi bai taɓa sa almakashi a yadin mutum babu awo ba, don haka ba ya so a yanka shi babu awo. Amma ya ce ya san makomar yadin da aka ninke aka ajiye ana jiran mai shago ya sami lokaci: asu ne ke gama aikin.

Allah ya ƙara wa muryarka amo, ya ja da ran sa hannunka.

Taka mai biyayya, wadda ke jin ka ko'ina ban da inda ake neman ka,

'Yar autar tela,
bencin ƙofar ɗakin hoto.