Minsharin Girka na Mushe Moctar

Allah ya ƙara wa Mushe Moctar ɗaukaka, Mushe na Faransanci wato Malam, shugaban komitin fanfo na Korgom, wanda sau ɗaya tak aka taɓa kayar da shi a gardama. Matarsa Habsatu ce ta ce yana minshari, ya rantse mai ilimi ba ya minshari. Ta ɗauki muryarsa a waya yana ƙailula, ta kunna masa. Ya saurara da kyau, ya ce injin niƙan maƙwabta ne. Sai injin ya yi tari, ya ce a kawo masa fura.

Ita ba ƙarar ce ta dame ta ba, shirun da ke biyo baya ne. Ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti a Maraɗi. Likita ya ce ya rage tumbi. Wannan shawara a tasha ya baro ta, sunan ciwon kawai ya iso da shi gida.

"Apnée," in ji shi, yana ɗaga takarda a gindin fanfo. "Kalmar Girkawa ce. A, babu. Pnée, numfashi. Ɗaukewar numfashi ke nan. Ku naku minsharin tuwo ne. Nawa sai da ya biyo ta Faransa."

Tun ranar mata suka sa masa Mushe Girka. Ya ji daɗi.

Manzo mai shago, wanda ya daɗe yana hangen kujerar shugaban komiti, ya kira taro bayan azahar. Ya ce fanfo ya yi wata biyu a lalace, shugaba kuwa ba ya kai ƙarshen taro ido biyu, a sauke shi. Mushe ya gyara zama zai kare kansa, ya fara daga Girkawa. Bai kai Faransa ba barci ya kwashe shi.

Minshari ya tashi. Can sai ɗif. Ƙirji ya tsaya, baki a buɗe.

Aka sa salati. Manzo, da yake ba ya son a riga shi komai, ya dafe kai. "Wayyo yayana! Wallahi Korgom ba ta da kamarsa. Wa zai iya riƙe mana fanfo in ba shi ba?"

Mushe ya ja wani gurnani da ya watsa kaji, ya buɗe ido ɗaya.

"Sakatare, rubuta abin da ƙanena ya faɗa. An tashi taro."