Kwana Tara a Kan Motar Alhaji Sule

Ba zan taɓa mantawa da kwana taran da na yi a kan motar Alhaji Sule ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Zamanin mulkin Faransawa ne, 'yan shekaru kafin su sauke tutarsu. Ina da ɗan garejina a bayan Kasuwar Kilomita Biyar, rumfar kwano ɗaya da ramin duba mota, kuma aiki ya ja baya har nakan wuni ina goge sifanun da na riga na goge.

Alhaji Sule babban ɗan kasuwa ne, manyan motocinsa huɗu ke ɗauko kaya daga Kamaru. Ya sayi wata tsohuwar motar shiga a hannun wani Bature mai gonar kofi da zai koma gida. Motar tana da abin da muke kira kwamfaresa, na'urar da ke tura iska cikin inji da ƙarfi. Ba kullum take aiki ba. Sai ka taka totur har ƙasa sannan ta kama, ta yi kuka, allurar agogon iska ta haura, mota ta zabura. To, ta daina zabura.

"Malam, in ka tashe ta," in ji Alhaji, "manyan motocin nan huɗu kai za ka riƙa duba su."

Aikin da zai riƙe ni da iyalina shekaru ke nan.

Ni mutum ne mai tsari. (Aji uku kawai na yi a boko, amma na fito da son lamba.) Komai nawa da na ɗaya da na biyu. Na ɗaya, ba na shiga motar mutum da takalmi. Na biyu, nakan ninka buzun rago gida biyu in shimfiɗa a wajen ƙafar direba, don kada in ɓata wa mai mota shimfiɗa da baƙin mai. Na uku, sai in saurari inji. Abokan sana'a suna yi mini dariya, ni kuma ina yi musu kallon ƙazamai.

Ranar farko na ga bututun da ke kai iska zuwa kafireta ya tsage a gwiwa. Na yi masa walda, na ɗaure, na fita gwaji a hanyar Mbaiki. Na taka totur iya ƙarfina. Allura ta ɗan motsa, ta tsaya a rabi.

Rana ta biyu na wanke kafireta. Ta uku na canza buji duka, wato fulogogi. Ta huɗu na bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu ina neman kumfa, babu. Ta biyar na sauke kwamfaresar ɗungurungum, na jera sassanta a kan tabarma da lambobi, na auna, na mayar. Kowace rana in cire takalmi, in shimfiɗa buzu, in hau hanyar Mbaiki, kuma kowace rana allurar nan ta tsaya a rabi kamar an kafa mata ƙusa. Na daina cin abinci sosai. Maiɗakina ta tambaye ni ko wani ya rasu ne ban gaya mata ba.

A rana ta bakwai na yi abin da har yau yake ci mini rai. Alhaji yana da direba, Mahamat, mutumin garin Fallomi, tsohon soja, ba ya yawan magana. Na je na ce wa Alhaji direbansa ne ya kashe na'urar da tuƙin ganganci. Ban da hujja. Na dai gaji da zama ni kaɗai da laifin.

Rana ta tara bayan la'asar Alhaji ya zo da abokansa biyu da Mahamat. Masu sayar da gozo, tuwon rogo, na gefen garejin ma suka matso. Na gyara murya na yi bayani dalla-dalla, na ɗaya zuwa na takwas, na rufe da cewa kwamfaresa ta mutu, gara a sayar da motar a matsayin ƙarfe.

"Ka tabbata, Malam?"

"Alhaji, mu shiga ka gani da idonka. Shi ma wanda ya kashe ta ya ja mu."

Alhaji da abokansa suka shiga baya, ni na zauna gaba don in nuna allura. Mahamat ya buɗe ƙofa da takalmansa na soja, ya dubi ƙasa, ya zaro buzun daga ƙarƙashin totur.

"Mu'allim, riƙe min abin sallarka, yana tare min ƙafa."

Ya ɗora min shi a cinya.

Muna fita kan hanya ya taka. Kwamfaresa ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, bayana ya manne da kujera, hular ɗaya daga cikin abokan Alhaji ta faɗi. Allura ta haura har ƙarshe. Yatsana yana nan a miƙe yana nuna ta, ɗaya hannun kuma yana rungume da buzu. Kwana tara totur bai taɓa kai ƙasa ba.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Da muka dawo, Alhaji ya tambaya a hankali, "Tun yaushe ta gyaru?"

Na so in yi ƙarya, amma ban iya tsara ta da sauri ba.

"Tun ranar farko, Alhaji."

Ya juya ga direbansa ya ce, "Mahamat, ka yafe mini." Na bi Mahamat har bakin titi na nemi gafara, ya ce ba komai, ya ƙara da cewa waldar da na yi tana da kyau.

Manyan motocin suka tafi wani gareji a unguwar Yakite. Kafin damina ta wuce na rufe nawa, na koma aiki a ƙarƙashin wani wanda ko wanke hannu ba ya yi.

Har yanzu ina jera aikina da lamba, ba zan iya dainawa ba. Sai dai idan mota ta ƙi ni, kafin in zargi inji ko direba, nakan fara tambayar kaina: ni me na sa mata?