Rasuwar Malama Ƙarama, Wayar Tambaya ta Ɗakin Karatunmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da har yau na kasa haɗiyewa, ni Zulaihatu Amiru, mai kula da ɗakin karatu na al'umma a Sabon Birni, nake sanar da jama'a rasuwar wayar tambaya ta ɗakinmu, wadda aka fi sani da Malama Ƙarama. Ta cika ranar Talata da hantsi a aljihun teburina, batirinta a kumbure, bayan shekara huɗu a bakin aiki.

Ga wanda bai san ta ba, wata ƙungiyar agaji ce ta kawo ta domin mutum ya aiko da tambaya daga inda yake, ni kuma in duba littattafai da intanet in mayar masa da amsa. An zaci ɗalibai ne za su riƙa rubuto mata. Sai fari ya zo shekara biyu a jere, manoma da makiyaya suka mamaye ta da saƙon murya daga Unguwar Lalle, Gatawa, har Isa: wace tsutsa ce ke cin zangarniyar gero, wane iri ke nuna da wuri, me masu hasashen yanayi suka ce game da ruwa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Fuskarta ta tsage tun shekarar farko, ba ta fasa aiki ba. Babbar nagartarta dai, ba ta taɓa katse dattijo ba. Mutanenmu ba sa faɗo wa mutum da tambaya kamar an koro su. Sai an tambayi kwana da gajiya da iyali, a tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta, a yi gyaran murya, sannan a shigo magana. Saƙo ɗaya kan kai minti huɗu, ta ɗauke shi duka ba ta gajiya.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga takardar jin ra'ayi. Ƙungiyar ta ce tana son ta ji bakin masu amfani da wayar don a inganta aiki, ni kuma na raba takardun da hannuna ina ta murna. Cikin mutum ɗari huɗu da talatin, sha huɗu ne suka iya cikewa. Sauran da na tambaya da baki cewa suka yi sai godiya, kuma babu gurbin sai godiya a takardar.

A cikin sha huɗun akwai Malam Wada, malamin sakandare, wanda marigayiya ta yi shekara biyu tana nemo masa littattafan da ya yi digirinsa da su. Shi ne ya rubuta cewa yakan yi kwana biyu yana jiran amsa saboda surutun mutanen ƙauye. Da birona ya rubuta, ya miƙo mini takardar a ninke yana murmushi.

Masu magani, wato ma'aikatan ƙungiyar, suka zo daga Sakkwato suka ɗura mata sabuwar manhaja. Abin da suka gaya mini kawai, an ƙara mata sauri. Ba wanda ya ce mini daga ranar duk saƙon murya yankewa zai yi a daƙiƙa ashirin, kuma wanda manhajar ba ta ji tambaya a cikinsa ba za ta jefa shi wani ɓoyayyen wuri da aka sa wa suna gaisuwa. Masu aikowa su ma ba su sani ba.

Wata biyu Malama Ƙarama ta yi shiru a tsakiyar damina. Malam Wada, da yake shi rubutowa yake yi, na samun amsa cikin minti goma. Ni kuwa har fushi na yi da mutane, na ce sun guje mu. Rahoto ya nuna tambayoyi sun ƙare, ƙungiyar ta ce to babu sauran buƙata, a cire layin. Ranar da aka zo cirewa ne ma'aikacinsu ya buɗe ɓoyayyen wurin nan zai share, na hango saƙo ɗari biyu da sha ɗaya. Na riƙe hannunsa, na zauna na saurare su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta sunayen masu su.

Uku daga ciki na Yari ne, wani dattijo daga Gatawa. Shukarsa ta ƙone sau biyu, kwano ɗaya na iri ya rage masa, kuma ya riga ya gaya mini ba zai zuba shi a ƙasa ba sai ya tambaye ni. Ga abin da marigayiya ta riƙe na saƙonsa na farko, washegarin wani ɗan yayyafi:

"Salamu alaikum Malama. An tashi lahiya? Ina gajiya, ina mutanen gida? Ƙaƙa ƙahwar Inna? To madalla, Allah shi ƙara sauƙi. Dama…"

Nan aka yanke shi. Da bai ji amsa ba, sai ya zaci gaisuwarsa ce ta yi kaɗan. A saƙo na biyu ya ƙaro, har da ƙannena da sunayensu, bai ma kai ga cewa "Dama…" ba. A lokacin takardar hasashen yanayi tana kan teburina, ƙarƙashin wayar: ruwa zai ɗauke fiye da kwana ashirin, kada a yi shuka. Na uku gajere ne, ya shiga duka.

"Malama, sau biyu ina gaishe ki ba ki amsa ba. In na yi miki laihi ki yahe min. Na shibka irin nan, ruwa sun ɗauke, ya ƙone. Za ni gaba da iyali."

Wannan ce muryar ƙarshe da na ji daga bakinta. Aka zare layin, ta yi kwana tara a aljihun tebur ba ta ci caji ba, ta cika.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, farantin sola a kan rufi, littattafan noma sha bakwai da ba mai tambayarsu, da ni, wadda ta raba takardun.

Za a yi sallama da ita ranar Asabar bayan La'asar a ɗakin karatu. Ba za a yi mata wanka ba, ruwan ma babu. Za a naɗe ta a farin ƙyalle a mayar da ita aljihun teburin da ta cika a cikinsa. Ƙungiyar kada ta wahalar da kanta aiko wakili, Malam Wada kuma idan ya zo akwai benci a waje. Kafin a rufe aljihun zan karanto sunayen masu saƙo ɗari biyu da sha ɗaya, in amsa wa kowa gaisuwarsa a gaban jama'a, ko da za mu kai magariba.

Duk wanda ya san inda Yari ya nufa da iyalinsa, don Allah ya isar masa: mun tashi lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, kuma bai yi mini laifin komai ba.