Yadda Za Ka Cire Iskar Birki Ba Tare Da Ka Ba Matarka Haƙuri Ba

Ɗan'uwa, birkin tsohuwar a-kori-kurarka ya yi laushi, kana takawa ƙafa na nutsewa har ƙasa. Iska ce ta shiga, kuma cire ta aikin mutum biyu ne: ɗaya na taka birki, ɗaya na kwance a ƙarƙashi. Gidan kuwa ba kowa sai matarka, wadda yau kwana huɗu ba ta ce maka uffan ba, tun da ka ce a gaban yayanta ita ta lalata birkin. Bi matakan nan, na lamunce maka birki zai kama, girmanka ba zai zube ba.

1. Kada ka roƙe ta
Tsaya a ƙofar kicin ka gaya wa bango: "Da za a samu mai taka birki, da gobe an kai wasu gidan iyayensu." Za ta fito. Ba don kai ba, don tafiyar.

2. Cika man birki
Ka cika shi taf, fuska a murtuke. Masana sun tabbatar namiji mai riƙe da sifana ba ya laifi.

3. Shiga ƙarƙashi
Fara da tayar baya ta gefen fasinja. Saƙala tiyo a ɗan notin iskar, ka tsoma bakinsa a kwalba. Kalmomi uku kawai aka yarje maka: taka, riƙe, saki. Wannan ba sulhu ba ne, kanikanci ne.

4. Yi mata bayani
Gaya mata in ta ɗaga ƙafa noti na buɗe, iska za ta koma, aiki ya dawo sabo. Nuna ilimi yana ƙara kwarjini. Ka ce "Riƙe!", ka kwance notin. Kumfa na fara fita za ka ji murya daga sama:

"Baban yara, wa ya lalata birkin nan?"

"Haba, riƙe dai!"

"Ƙafata fa ta gaji."

5. Tsaya kan bakanka
Ka daure, kai ne maigida. Ni na kai daƙiƙa shida, mai na ɗiga mini a kunne. Daga nan ka ce a hankali, "Ni ne." Za ta ce injin ya hana ta ji. Motar a kashe take, amma ka ɗaga murya. Maƙwabcinka mai wankin mota ma zai amfana.

6. Ka tuna tayoyin huɗu ne
A ta biyu za ka amsa laifin lalata kulocin motar. A ta uku, maganar da ka yi kan girkin ƙanwarta bara. Ta huɗu a gaban yayanta za a yi, don ta riga ta kira shi a waya.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Birkina dai yana kamawa cak, sai dai ba ni ke taka shi ba, don makullin motar na jakar matata.