Yadda Za Ka Lallashi Uwargida da Waƙar Zamani Bayan Ka Ƙona Mata Riga

Ka manta dutsen guga a kan rigar da matarka za ta sa a bikin ƙanwarta, yanzu ko gaisuwarka ba ta amsawa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ta yi magana. Abin da za ta faɗa ne ban sani ba.

1. Fara da "Ke"
Kada ka kira sunanta, wannan aikin tsofaffin mawaƙa ne. Rubuta "Ke" shi kaɗai, ka bar fili a ƙasa. Filin nan shi ne nadamarka.

2. Kada ka ambaci rigar
Mawaƙin zamani ba ya cewa "na ƙona". Cewa yake "wuta ta kai wa zare ziyara". Ka ga laifi ya koma kan wuta.

3. Kakkarya layuka
Kalma ɗaya a kowane layi, ba amsa-amo. Idan kai kanka ka fahimci waƙar, sake ta, ba ta nuna ba.

4. Karanta mata a tsaye
Same ta a kicin, dafe ƙirji, lumshe ido, ka riƙa yin shiru tsakanin kalmomi kamar mai ciwon haƙori. Amma ka dinga buɗe ido ɗaya. Wani direba maƙwabcina ya gama tasa da hawaye shaɓe-shaɓe, ya buɗe ido ya tarar firji yake karanta wa.

5. Dake
Za ta ce, "Baban yara, wai lafiyarka kuwa? Rigata fa?" Ka girgiza kai cikin tausayi ka ce, "Waƙa ba ta amsa tambaya." Daga nan ka ɗan matsa kusa da ƙofa.

6. Idan ta rama da tata
Wata za ta ajiye ludayi ta dube ka ta ce, "Kai. Shaddarka. Sabuwar nan. Tana ina?" Yaba mata, tana da basira. Duk da haka ka je ka duba durowa.

Gargaɗi
Ni dai ba ruwana, ba hannuna. Idan tela ya kira ka yana tambayar ko da yardarka zai yanka shaddar daidai jikin madam, kada ka neme ni. Waƙa na ce zan koya maka, ban ce guga ba.