Rasuwar Kwamfutar da Ba Ta da Lamba

Da zuciyar da baƙin ciki ya daskarar, ni, Hajiya Aishatu Isma'ila ta sashen kula da kayan aiki, nake sanar da rasuwar kwamfutar ofishinmu da ke hanyar Mando.

Ta zo mana a 1991, kyauta daga wasu baƙi, tun kafin sito ya fara manna wa kaya lamba. A cikinta na tsara jadawali uku: na na'urori, na ɗakuna, da na ma'aikatan da ke riƙe da su. Lambar sito ce igiyar da ta ɗaure su. Na gindaya mata sharaɗi kada ta karɓi na'urar da ba ta da lamba, ta kuwa riƙe amana. Duk ranar da na gwada shigar da ita kanta, sai ta ce "ƙit", ta ƙi.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Da safe takan yi "girrr" kafin ta farka, ba ta taɓa ɓata lissafin kowa ba. Ita ta gano firintar da ta yi ƙaura zuwa Unguwar Dosa.

Ranar Talata wuta ta dawo da ƙarfi. Kwamfutar ta yi "tas", muka ji ƙauri. Datti mai gyara ya duba, ya ce da sauran numfashi, a kawo takardar izinin gyara daga sito kafin faifan ajiyarta ya ƙarasa lalacewa. Na je wurin Malam Balarabe mai kula da siton. Ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ba ke kika kafa dokar ba? Abin da ba shi da lamba ai babu shi. Me zan rubuta?" Gaskiya ya faɗa. Muna jiran izini daga sama, ta cika.

Ta bar madannai da harafi ɗaya ya goge, da mayafin da Ladidi ta ofishinmu ta ɗinka mata, da na'urori masu yawa da yanzu ba a san a hannun wa suke ba. Ban yi kuka ba. Nakan zauna ne kawai ina kallon inda take. Komai na Allah ne.

Ba za a yi mata salla ba, tun da ƙarfe ce. Za a kai ta bayan sito ranar Alhamis bayan azahar, domin cikinsa sai masu lamba. Babu zaman makoki.

Zan sake gina jadawalin daga farko. Lamba ta ɗaya tata ce.