Albasa a Ƙarƙashin Hula

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Bashiru a Maiyama ba. Ko ni na so in manta, mutanen garin ba za su bari ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jega, shekaruna ko talatin ba su kai ba. Wata rana ina wurin aski, mai askin ya tsayar da inji a tsakiyar kaina ya ce, "Malam, nan wurin fa ya fara hutar da ni." Da na koma gida na haɗa madubi biyu na duba. Sanƙo ne, ya share fili kamar tafin hannu. Tun daga ranar hula ta zama wani sashe na jikina (har ƙwallon yamma da hula nake zuwa, ina cewa rana ce ke damuna).

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne Saratu, ƙanwar Bashiru. Mun fahimci juna da ita, amma mahaifinsu, Malam Umaru, bai taɓa ganina ido da ido ba. Bashiru ya ce ranar ɗaurin aurensa zai gabatar da ni. Saura mako uku.

Sai na hau babur na nufi Aliero wurin Gwaggo Hassi, yayar babana. Ta tsufa, amma har yanzu mai kitso sai ta gaji kafin ta gama da kanta, kuma matan unguwa wurinta suke zuwa neman haɗin gashi. Na cire hula na sunkuya mata. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ka samu albasa guda, ƙarama, ka daka ka tace ruwan. Ka haɗa da ɗan man shanu da garin hulba kaɗan. Ka shafa, ka bar shi kamar tsawon dahuwar shinkafa, sannan ka wanke da sabulun salo. Sau biyu a mako. Abin ga ba ya son gaggawa. Kuma in na gado ne, ɗana, ubanka ma bai tsira ba."

Na yi kusan mako ukun nan ina bin ƙa'ida. Kullum da safe sai na haɗa madubaina, amma filin nan yana nan yadda yake. Ranar Asabar ɗin bikin sai ilimina na malamin lissafi ya motsa. Na ce idan albasa ɗaya a rabin awa tana aiki kaɗan, to albasa biyar a yini guda fa? (Har yau ban san gashin da na yi zaton zai tsiro tsakanin hantsi da azahar ba.) Na daka manya guda biyar, ko tacewar kirki ban yi ba, na zuba man shanu ludayi guda, na dama na lafta a kai. Don kada hula ta ɓaci, na ɗaura baƙar leda a kan haɗin, na tura gefenta ciki, na kafa zanna bukar a sama. Na saka farar shadda, na fesa turare. Da na dubi madubi har na yi wa kaina murmushi.

Watan zafi ne. Mu shida muka shiga mota daga tashar Jega, ni a baya, kusa da wani dattijo manomin albasa ɗan Mungadi. Ba mu yi nisa ba ya fara jan hanci.

"Direba, wa ya ɗauko albasa cikin motar ga?"

Direba ya ce babu kaya a but sai buhun gero.

"A'a," in ji dattijon. "Shekara arba'in ina noman albasa. Wagga an daka ta, kuma ta fara lalacewa."

Direba ya tsaya gefen hanya aka buɗe but, aka ɗaga kujeru. Ni ma na fito ina taya su nema, har da leƙa ƙarƙashin mota ina cewa, "Lallai akwai wani abu." Ba a ga komai ba, muka ci gaba da tafiya da gilasai a sauke. Dattijon dai na lura ya juya fuskarsa waje har muka isa.

A Maiyama an kafa rumfa a ƙofar gida, jama'a sun cika. Bashiru ya rungume ni, ya ɗan ja baya, ya ce, "Daga wurin masu girki kake?" Na yi dariya na bagarar da zancen. A lokacin na fara jin wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayan kunnena. Ina sharewa da hankici, yana dawowa. Ƙudaje kuma suka bar kwanukan abinci suka zaɓe ni.

An ce za a ɗaura aure bayan azahar. Da aka kira salla na ɗauki buta na tsuguna a layin masu alwala, sai Bashiru ya raɗa mini cewa wanda ke damana shi ne Baba. Na gaishe shi da ladabi, ya amsa da fara'a, ya ce ya ji labarina. Na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, duk a natse. Sai da na zo shafar kai na tuna abin da ke kaina.

Na yi niyyar in ɗan ɗaga hular kaɗan in zura hannu. Ina ɗagawa ledar ta biyo ta, ta yage. Man shanun da ya narke tun a hanya ya kwararo gaba ɗaya, ta goshi, ta ido, ta gemu, ya sauka a ƙirjin farar shadda. Guntayen albasa suka manne mini a gira. Rabin ledar na reto a kunnena. Warin kuwa, mutumin da ke haguna tashi ya yi da butarsa ya koma gaba.

Idona na yaji, ba na gani sosai, amma na ji muryar Malam Umaru a hankali.

"Ɗana, mi anka yi maka a kai?"

Na ce, "Baba, magani ne. Na gashi."

Sai ya sa hannu ya cire tasa hular. Kai ne sumul, yana ɗaukar ido, babu ko silin gashi ɗaya.

"Ni man kaɗanya da toka na gwada, lokacin ina neman uwarsu," in ji shi. "Ka ga sakamakon. Tashi mu shiga ciki."

Sai a lokacin mutane suka saki dariyar da suke riƙewa, har da masu tari. Shi da kansa ya riƙe hannuna ya kai ni cikin gida, ya sa aka ba ni ruwa da sabulu, ya ciro mini wata babbar rigarsa. Ina bayan gida ina dirzar kai ina jin mata a tsakar gida, wata na tambaya ko a kawo tumatir a ƙarasa miyar. Na gane dariyar Saratu a cikinsu, kuma ita ta fi kowa daɗewa.

Da rigar Malam Umaru na halarci ɗaurin auren, hannunta ya rufe mini yatsu. Da yamma da zan tafi ya ce in turo manyana. "Mun ga cikin kanka tun ranar farko," ya ce, "babu sauran bincike."

Yanzu 'ya'yanmu biyu da Saratu. Ita ce ta karɓi haɗin Gwaggo, tana yin sa yadda aka ce, kuma gashinta ya karɓa. Nawa kuwa ya ƙarasa tafiyarsa, duk Juma'a nake kwashe ɗan abin da ya rage, in fita ba hula idan na ga dama. Abin da na koya shi ne, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa yi wa sanƙona dariya. Maganin da na yi don in ɓoye shi ne har yau ake ba baƙi labarinsa a Maiyama, kuma a gabana.